Tsohuwar 911 ta mahaifinmu: a tashe ta ko a bar wa 'yan gwangwan?

"Salamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah shi jiƙan shi, ya bar muna roka Mercedes 911 mai bodin katako. Da ita ya yi ta jigilar albasa da shanu zuwa Kudu tun muna ƙanana. Da ciwo ya kwantar da shi aka aje ta a kangon bayan gidanmu nan Gwadabawa, yau shekara 12 ke nan ba a tada ta ba. 'Yan gwangwan sun zo sun yi tayi, ƙannena kuma na son a sayar. Wani bakanike ya ce in bari ya cire injin ya ɗora mata na zamani. Ni dai raina bai son a yanka wagga mota. Shin tana tasuwa? In tana tasuwa, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah shi jiƙan mahaifinku, shi sa aljanna ce makoma. Abu uku na gani cikin tambayarka: ko motar da ta yi shekara 12 a tsaye za ta sake hawa titi, ko a bar mata injinta ko a musanya shi, da kuma inda aikin zai fara. Amsar farko mai daɗi ce. Irin wannan mota na tasuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka zo hannuna daga kango sun tashi. Abin da ke yanke hukunci shi ne shasi, wato ƙashin ƙarfen da inji da bodi ke zaune a kai. In shasin na da lafiya, saura duk gyaruwa suke yi, sai dai su ci kuɗi da lokaci.

Wace mota ce a kangonku

Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wannan samfuri mai gajeren hanci a 1959, kuma daga 1964 aka fara ɗora masa injin gas mai silinda shida da ake kira OM 352, mai girman lita 5.7. A nan ƙasar masana'antar ANAMMCO da ke Emene a Inugu ta fara harhaɗa manyan motocin Mercedes a farkon 1981, wasu kuma kai tsaye aka shigo da su. Zamanin ke nan da Steyr ke Bauchi, Leyland ke Ibadan, ana haɗa Fiat a Kano, Bedford kuma a Apapa. Cikinsu duka, 911 ce ta fi jure hanyarmu da lodinmu. A kan shasinta aka gina manyan bas na molue a Legas, mu kuma nan Arewa kafintoci suka ɗora mata bodin katako ta ɗauki shanu da albasa da hatsi.

Sai dai mutanenmu duk mai gajeren hanci 911 suke ce mata, alhali da yawa cikinsu 1113 ne ko 1513. Lambar na faɗin nauyi da ƙarfi: 911 kusan tan 9 ne da lodi da ƙarfin doki 110, 1113 tan 11 da doki 130. Sifirin ɗinsu da aksul da birki da taya ba ɗaya ba ne. Don haka ka buɗe ƙofa ka nemi ɗan faifan ƙarfen da kamfani ya liƙa, ka nemi lambar da aka buga a jikin shasi da ta jikin inji, ka rubuta su. Da su za ka sayi kowane kaya, da su kuma za a gwada takardun mota.

Ka gode Allah da Mercedes ce aka bar maku. Da Bedford ce da na ja maka kunne fiye da haka, don an sayar da masana'antar manyan motocinta ta Dunstable a Ingila tun 1987, kayanta sun yi wuya, kuma nocinanta da inci ake auna su, sufanar da yaran gareji ke riƙe yau ba ta kama su daidai. Ita kuwa OM 352 an yi ta da yawan gaske, an ɗora ta a Unimog da taraktoci da janareto, ƙasar Brazil kuma ta shekara da shekaru tana ƙera 1113. Har yau ana buga fistin da ringi da gaskit ɗinta sababbi.

Kafin sufana ta taɓa ta

Motar nan gado ce, ƙannenka na da haƙƙi a cikinta, mahaifiyarku ma in tana raye. Kada ka kashe ko kwabo sai an zauna. A kira malami da dattijan gida, a sa wanda ya san mota ya yi mata ƙima ta gaskiya a yadda take yanzu, ka biya kowa rabonsa ko a lissafa ta cikin naka, a rubuta, shaidu su sa hannu. Na ga zumunci ya lalace saboda mutum ya zuba dukiyarsa ya tada motar gado, ranar da ta fara kawo kuɗi 'yan'uwa suka ce ai ta kowa ce. Kuma kada a ɗauki tayin 'yan gwangwan a matsayin ƙima. Su kilo suke saye. Famfon injekta mai tura gas cikin inji, da giyabos da aksul na baya, in aka sayar da su ɗai-ɗai ga masu irin motar, sun fi abin da sikeli zai nuna.

Shasi

Mu a ƙasar Sakkwato Allah ya ba mu sauƙi ɗaya: iskarmu busasshiya ce, damina gajera, ƙarfe ba ya ruɓewa yadda yake yi a Legas ko Fatakwal. Abin da rana da zafinmu ke ci shi ne roba da waya da fenti, gara ta ci katako, ɓera ya yi sheƙa cikin kujera. Waɗannan duk ana sake su.

Amma ka ce ta ɗauki shanu, a nan hankalina ya tsaya. Fitsari da kashin dabba suna bi ta tsakanin katakon daɓe su zauna a saman shasi, a inda bodi ya danne shi, iska ba ta kai wa wurin. Haka takin zamani da gishiri. Sai ka ga gefen shasi sumul, samansa kuwa ya zama ɓawo-ɓawo. Ba a ganin wannan sai an kwance bodin an ɗaga. A kankare da buroshin ƙarfe, a bi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake amsawa. A duba bayan kan mota da wuraren da sifirin ke rataye, don nan lodin da ya wuce kima ke fara tsaga shi. A taɓa kowane ribit, wanda jar tsatsa ta zagaye kansa ya saki. Sannan a ja igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake ta ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba shasin ya murɗe, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Tsaga ɗaya ko biyu ana gyarawa. A huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a yi walda, a ɗora faranti mai kauri ɗaya da na shasin ta ciki, mai tsawo, a ɗaure shi da noti a jikin bangon shasi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai walda ya ja wuta a gicciye kan leɓen shasi na sama ko na ƙasa, ko ya huda shi. Leɓen nan ne ke ɗauke da nauyi, zafin walda kuma na raunana shi, gefen waldar zai sake tsagewa. In ka tarar da shasin faci kan faci ne, ko saman ya ruɓe tsawon kamu da yawa, to shawarata ta canza: ko a nemo shasin wata motar, ko a rabu da ita a mutunce ga masu neman kaya.

Inji

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin motoci shi ne ɗoki. A kawo batir, a zuba gas, a danna kik a ga ko za ta tashi. Don Allah kada ka bari kowa ya yi haka, ko da ya rantse maka ya saba.

Dalili na farko ruwa. Damina 12 ta wuce kanta. In ruwa ya bi ta salansa ko ta bututun iska ya kwanta kan fistin, kik na juyawa konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, zai lanƙwashe, don ruwa ba ya matsuwa. Na biyu, ringi na iya kama jikin silinda da tsatsa, ƙarfin kik ya karya su ya kuma ƙarce silindar. Na uku ya fi su haɗari. Cikin famfon injekta akwai wata sanda mai haƙora da ke ƙara mai da rage shi, kanikawa na ce mata rak. Tsohon gas kan daskare ya kama ta. In ta kame a buɗe, injin na tashi zai yi ta hawa ba iyaka, makulli ba ya kashe shi, sai ya tarwatse.

Ga yadda muke yi. A fara da jan sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari ruwa ya shiga, in ya yi yawa yana warin gas to gas ne ke zuba ciki. A OM 352 nozul, masu fesa gas cikin silinda, na ƙarƙashin murfin bawul ne, bututun da ke maida ragowar gas ma na ciki, in ya yi yoyo kai tsaye cikin baƙin mai yake zuba. A buɗe murfin, a cire nozul duka shida, a jera su yadda suka fito. A zuba ɗan gas haɗe da baƙin mai ta kowane rami, a bar shi kwanaki. Sannan a sa doguwar sufana a notin gaban karanshaf a gwada juyawa da hannu, gaba kaɗan baya kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara jira. In ya juya, a kai shi zagaye biyu cikakku ana kallon bawul goma sha biyu, a tabbata kowane na sauka yana dawowa.

Famfon injekta da nozul a kwance su a kai wa masu injin gwaji. Wannan ba aikina ba ne, ba kuma aikin gindin bishiya ba ne, sana'a ce mai zaman kanta. Su za su saki rak, su daidaita man da kowace silinda ke samu, su ga feshin nozul. Kafin su dawo a sauke tanki a wanke, a hura bututai, a sake filtar gas da ta mai, a zuba sabon baƙin mai. A ɗaura agogon awon ƙarfin mai na bututu, kada a dogara da tsohon da ke gaban direba. A juya injin da kik babu nozul har allura ta ɗaga, sannan a maida komai, a fitar da iska da ɗan famfon hannu. Wanda ke haɗa bututan ya tuna jerin tashin silinda, 1-5-3-6-2-4. Ranar tashi a cire bututun iska, mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu, in injin ya nemi gudu ya toshe bakin iskar da shi. Da katako, ba da tafin hannu ba.

In ta tashi, hayaƙinta zai gaya maka saura. Fari na ɗan lokaci ba komai, man da aka zuba ne ke ƙonewa. Shuɗi mai ɗorewa ringi ne ko bakin bawul. Baƙi, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai tururi da lagireto na tafasa ƙwai-ƙwai, gaskit ne ko kan inji ya tsage. In ta kama dole a buɗe injin gaba ɗaya, a kai bulok da karanshaf wurin masu injin gyaran silinda a auna, su faɗi girman fistin da metal da za a saya. Ba a sayen su kafin awo.

Maganar sake inji

Bakaniken da ya ba ka shawara ba lallai mugunta yake nufi ba, amma ban goyi bayansa ba. Giyabos da farfela da aksul da birkin motar nan an yi su ne daidai ƙarfin doki ɗari da 'yan kai. In aka ɗora abin da ya ninka haka, sai kuloci ya fara ƙonewa, haƙoran giya su bi baya, motar kuma ta riƙa gudun da birkinta ba zai iya tsayarwa ba. Ga yankan shasi da ake yi don sabon injin ya zauna. In kuma mai kwamfuta ne, ranar da ya tsaya maka tsakanin Gwadabawa da Illela sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Ita OM 352 in ta tashi ba ruwanta da lantarki, kowane tsohon bakanike a ƙasar nan ya san cikinta. Kuma ka tambaye shi wa zai tafi da tsohon injin in an cire.

In bulok ɗin ya fashe ta yadda ba ya gyaruwa, a nemo wata OM 352. In ba a samu ba, OM 366 ce magajiyarta, gininsu ɗaya ne kusan, tana zama ba tare da an yi wa motar kaca-kaca ba. Iyakar abin da zan yarda da shi ke nan.

Birki, sitiyari, taya

Da yawa na kashe kuɗinsu kan inji da fenti su bar birki a ƙarshe, lokacin aljihu ya bushe. Ni a garejina mota ba ta fita ƙofa sai birkinta ya gamsar da ni. Irin wannan birki na mai ne, iska ke taimaka masa. Bayan shekara 12 duk robar da ke cikinsa ta mutu, ko da ido ya gan ta lafiya. A sake robobin masta, wato babban famfon birki, da na kowace ƙafa, a sake tiyo, a duba bututan ƙarfe, a wanke layin da sabon man birki. A buɗe ƙasan tankin iska a zubar da ruwan da ya taru, a kuma duba tsatsar cikinsa. Tsofaffin takalman birki kan ƙunshi asbestos, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa ta a goge, kada yaro ya hure ta da iska ko da baki.

A ɗaga gaba da jak a girgiza ƙafa a ji kimfin da boris, a duba tayarod, a ga yawan wasan sitiyari. Taya kuwa duka shida da tib ɗinsu sun tashi aiki, ko da zanensu bai goge ba. Ranar Sakkwato ta gasa su. In za ka sayi wasu, irin 8.25-20 ko 9.00-20 gwargwadon abin da ke kanta, ka karanta lambobi huɗu na gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Rim ɗin irin waɗannan motoci mai zobe ne, kuma zoben da bai zauna ba in ya fita yana kisa. A kai wa mai facin manyan motoci, a ɗaure da sarƙa, kowa ya kauce daga gabansa lokacin ba da iska.

Zafi da ƙura

A Afrilu zafinmu na wuce digiri 40, don haka lagireto ba abin wasa ba ne. A buɗe shi a tsefe bututansa ɗaya-ɗaya, don ruwan rijiya na barin farin dutse a ciki. A sake tiyo da bel, a duba famfon ruwa, a sa murfi mai riƙe matsi, shi ke hana ruwa saurin tafasa. Al'adar cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da aka saba a garejojinmu ban yarda da ita ba. Injin da bai kai zafinsa ba yana shan gas yana cin ringi, kuma cire shi na iya barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba. In motar na da tukunyar tace iska mai baƙin mai a ƙasa, a bar ta, a dai riƙa wanke ta akai-akai da hunturu. Waya kuwa a kira rewaya ya sake ta gaba ɗaya da fis, bayan ya tabbatar ko bolt 12 ce ko 24. Tsohuwar waya a cikin bodin katako gobara ce.

Bodi da rubutun mahaifinka

Tun kafin a zare ƙusa ɗaya, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe: zanen da ke jikin katako, launin kai, addu'a ko karin maganar da mahaifinka ya sa aka rubuta a goshinta da bayanta. Wannan ne ba a saye a kasuwa. Katakon da gara ba ta ci ba a ajiye shi, kafinta ya yi awo da shi, wanda ke da rubutu kuma a maida shi in zai yiwu. Sabon katako ya zama busasshe mai tauri, irin maɗaci ko loko, a shafe shi da maganin gara, a yi wa saman shasi jan fenti mai hana tsatsa kafin a ɗora. Fanel bita ya buga ƙarfen kai ya miƙe, kada ya cika shi da fila, zafinmu na fasa ta. Tambarin hanci, agogunan gaba, hannun ƙofa, gilashin fitila, duk a ɓoye su cikin ɗaki tun yau, don su ke fara ɓacewa a gareji. Fenti shi ne aikin ƙarshe.

Kaya kuwa, ƙanana za ka samu nan Sakkwato. Manya sai Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Nkpor da Mgbuka Obosi kusa da Onica, ko Ladipo a Legas. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannu a gwada. Jabu sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau, musamman ringi da nozul da robar birki, kuma sau da yawa tsohon kayan asali da aka cire daga wata mota ya fi sabon jabu. In ka ji labarin wata irinta da ta mutu a wani ƙauye, sayenta ɗungum don cire kaya kan fi sauƙi.

Ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu

Gaskiya zan faɗa maka, ɗana. In niyyarka ka maida ta hanyar Legas ta yi gogayya da tirelolin yau, ba za ta fitar da kai ba. Ba ta da gudu, lodinta kaɗan ne a kan nasu, ga tsadar gas. Amma gajeren zango tana iyawa: albasa da hatsi daga gona zuwa kasuwa, Illela, Achida, Goronyo, cikin gari, hanyoyin rairayi da ƙananan motoci ke kafewa. Da lodi daidai ƙarfinta da direba mai tausayi, za ta ci da kanta ta kuma riƙe gida. Sai an sabunta takardu, an maida su sunanka, jami'an duba motoci na VIO sun duba ta kafin ta hau titi.

Ban ga motar ba, don haka ba zan yanke maka kuɗi daga nesa ba, farashin kaya ma ba ya kwana wuri ɗaya. Abin da na sani shi ne aikin na rabuwa mataki-mataki, kuma duba shasi da juya inji da hannu ba su cin komai sai ladan bakanike. Su za su nuna maka ko a ci gaba. Kada ka ba kowa kuɗin aiki duka a dunƙule, kada kuma a kwance komai lokaci ɗaya a zube a ƙasa.

A wannan makon ka share ciyawa da yashin da ke ƙarƙashinta, ka ɗora ta kan kututture tayoyin su bar ƙasa, ka toshe bakin salansa da na iska, ka rufe kanta da tamfol. Sannan ka aiko mani hoton faifan lamba, da na saman shasi ta bayan kai, da na sandar baƙin mai yadda ta fito, in gaya maka wace ce cikin ukun nan, 911 ko 1113 ko 1513, da abin da za a fara saye.